Man furosesa: yadda ake zaɓen wanda ya dace da kwamfuta

Idan kwamfuta ta fara ɗaukar zafi, fankarta na ƙara ba tsayawa, aiki na tafiyar hawainiya, wani lokaci ma ta mutu da kanta ana tsakiyar rubutu, masu gyara sukan ce "sai an sake mata mai". Man da suke nufi shi ne wanda ake kira pâte thermique da Faransanci, kuma da wannan suna mai saye zai tambaye shi a shagunan Yamai, Maraɗi ko Damagaram. Wani abu ne mai kauri, galibi ruwan toka ko fari, da ake sayarwa a cikin ɗan sirinji. Abin da ake shafawa bai fi ƙwayar wake ba, amma kuskure wajen zaɓensa na iya jawo asarar kwamfutar baki ɗaya.

Aikin da man yake yi

Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, tana fitar da zafi muddin tana aiki. A kanta ake ɗaura wani ƙarfe na alminiyam ko jan ƙarfe, wanda masu gyara ke kira radiyeta, domin ya janye zafin, fanka kuma ta kore shi waje. A ido, fuskar furosesa da ta radiyeta sumul suke. A gaskiya kuwa cike suke da ƴan ramuka da ƙuraje da ido ba ya gani, kuma idan aka haɗa su iska ce ke maƙalewa a tsakani.

Iska ba ta iya wuce da zafi. Ana auna wannan iyawa da ma'aunin W/mK: jan ƙarfe yana da kusan 400, alminiyam sama da 200, iska kuwa 0.026 kacal. Man furosesa na yau da kullum yana tsakanin 4 da 13 bisa abin da kamfanoni ke rubutawa. Ke nan man ya fi iska nesa ba kusa ba, amma bai kama ƙafar ƙarfe ba. Aikinsa shi ne ya cike ramukan ya kori iskar, kamar yadda magini ke cike tsagar bango da yaɓe. Shi ya sa ake son shafin ya zama siriri. Wanda ya labta shi da yawa yana zaton ƙarin sanyi zai samu, ɓarna kawai ya yi.

Idan zafin bai fita ba, furosesa takan rage gudunta don ta kare kanta. Yawancin na Intel suna yin haka a wajen digiri 100, na AMD Ryzen 7000 kuma a digiri 95. Idan abin ya wuce nan, sai kwamfutar ta kashe kanta.

Ire-iren man da ke kasuwa

Na farko shi ne farin man silikon mai araha, wanda ake sayarwa a ƴan ledoji ko babban gwangwani. Yana aiki a kan tsohuwar kwamfutar ofis da ba ta shan wahala, amma yana saurin bushewa.

Na biyu shi ne wanda aka haɗa da garin sinadarai irin su zinc oxide da aluminium oxide, ko garin kabon. A nan ake samun sanannun sunaye kamar Arctic MX-4 da MX-6, Noctua NT-H1 da NT-H2, da Thermal Grizzly Kryonaut. Babbar fa'idarsu ita ce wutar lantarki ba ta bi ta cikinsu, don haka ko ɗan kaɗan ya zubo gefe, ba zai ƙona komai ba. Mafi yawan mutane a nan ya kamata su tsaya.

Na uku shi ne mai garin azurfa, irin Arctic Silver 5, wanda ya yi tashe shekaru da dama. Kamfanin da kansa yana gargaɗin a nisanta shi da ƙananan hanyoyin wuta na allon kwamfuta, kuma ya ce sai ya yi kimanin awa 200 yana aiki kafin ya kai cikakken ƙarfinsa.

Na huɗu shi ne ruwan ƙarfe, haɗin galiyom da wasu ƙarafa, wanda yake ruwa-ruwa a zafin ɗaki. Shi ya fi kowanne janye zafi. Thermal Grizzly ya rubuta 73 W/mK a kan nasa mai suna Conductonaut, kuma irinsa Sony ya sa a PlayStation 5. Sai dai haɗarinsa biyu ne. Wuta na bi ta cikinsa, ɗigo ɗaya ya faɗa kan allon, wato carte mère, ya isa ya kashe kwamfutar. Sannan galiyom yana cin alminiyam har ya rududduge. Wanda bai ƙware ba, ya bar shi.

Akwai kuma wani nau'i da ke zuwa kamar siririyar takarda, irin Honeywell PTM7950. A sanyi yana daskare, idan zafi ya kai wajen digiri 45 sai ya narke ya shiga ramukan. Ya samu karɓuwa sosai wajen masu gyaran kwamfutar hannu.

Lambar da ke jikin kwali

Mai saye yakan duba W/mK ya ɗauki wanda lambarsa ta fi girma. Wannan ba ma'auni ne abin dogaro ba, domin kowane kamfani da yadda yake yin nasa awon. Noctua ba ya buga wannan lamba, Arctic ma ya daina buga ta a kan sababbin mayukansa. Idan aka gwada mayuka masu kyau a kan furosesa ɗaya, bambancin da ake gani bai cika wuce ƴan digiri kaɗan ba. Babban bambanci yana tsakanin sabon mai da wanda ya bushe ya zama kamar alli.

Abin da ya fi cancanta a duba shi ne daɗewa. Arctic ya ce MX-4 na iya kai shekara 8, Noctua kuma ya ba NT-H1 har shekara 5 a kan furosesa. Wannan na da muhimmanci a yankinmu, inda zafin bazara a watannin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe radiyeta. Kwamfutar da ke zuƙar iska mai zafi kullum tana aiki ne kusa da iyakarta, man kuma yana saurin gajiya. Yawancin kwamfutocin hannu da ke kasuwanninmu na hannu ne, sun yi shekaru a wani wuri kafin su iso, kuma sau da yawa man da aka sa musu tun daga masana'anta ne ke ciki.

Kwamfutar hannu da ta tebur ba ɗaya ba ne

Furosesar kwamfutar tebur tana da murfin ƙarfe a kanta, kusan kowane mai na rukuni na biyu zai yi mata. Ta kwamfutar hannu kuwa tsirara take, radiyeta na zaune kai tsaye a kan ƙwayar. Duk lokacin da ta yi zafi ta huce, ƙarafan na buɗewa suna tsukewa, a hankali su tura man zuwa gefe har tsakiya ta zama fayau. Shi ya sa wani zai sake mai, kwamfuta ta yi sanyi wata biyu, zafin ya dawo. Maganin wannan shi ne mai mai kauri irin MX-6, ko takardar PTM7950. Mai ruwa-ruwa da ke da daɗin shafawa shi ya fi saurin gudu.

Wajen saye da shafawa

Sirinji mai gram 2 zuwa 4 ya ishi mutum ɗaya sau da dama. Babu dalilin sayen babba ya bushe a aljihun tebur. A kula da jabu, domin sanannun sunaye su aka fi kwaikwaya. Arctic da Thermal Grizzly suna sa lambar tantancewa a jikin kwali ko leda, wadda ake dubawa a shafinsu na intanet. Idan aka matsa sirinji ruwan mai ya fara fitowa daban da garin, man ya tsufa.

Kafin shafawa, a kashe kwamfutar, a cire waya da batir. A goge tsohon man tas da alkol na isopropyl mai ƙarfin kashi 90 ko sama, da ƙyalle marar gashi, a bari ya bushe. A kan furosesa mai murfi, a ɗiga kamar ƙwayar wake a tsakiya, matsin radiyeta zai baza shi. A kan ta kwamfutar hannu, a shafa siriri ya rufe ƙwayar duka. A ɗaure kusoshin radiyeta kaɗan-kaɗan, ana tsallakawa daga kusurwa zuwa kishiyarta. Galibi akwai lambobi 1 zuwa 4 a jikinsu da ke nuna jerin. Idan aka ɗaga radiyeta bayan an ɗora, sai an goge an sake sabo.

Kada a maye gurbin ƴan katifun roba masu laushi da ke kan wasu sassan allon da wannan mai, domin tazarar da suke cikewa ta fi ƙarfinsa. Man goge haƙori da girisin mota da wasu ke dabara da su kuwa, na farkon bushewa yake cikin kwanaki, na biyun ba a yi shi don janye zafi ba.

Kafin a ɗora wa mai laifi, a fara duba zafin da manhajar kyauta irin HWiNFO ko Core Temp, sannan a leƙa fanka da radiyeta. Sau da yawa ƙura ce ta yi dam a bakin mafitar iska, kuma ko mai mafi tsada aka shafa, zafin ba zai sauka ba sai an share ta.