Daga Mudun Kasuwa zuwa Ma'aunin Ikkilisiya

Idan mun ce "awo" a Hausa, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne mudu da tiya, da mai hatsi yana tsugune gaban buhunsa. A Tsohon Alkawari ma daga kasuwa kalmar ta taso. Isra'ilawa suna auna hatsi da efa, omer kuwa kashi ɗaya ne cikin goma na efa (Fitowa 16:36). Azurfa ba a ƙirga ta, auna ta ake yi da shekel, wanda duwatsun awo da aka tono a ƙasar Yahuza suka nuna nauyinsa ya ɗan wuce giram 11. Tun da babu kuɗin da aka buga, mai saye da mai sayarwa duka sun dogara ga gaskiyar mai riƙe da ma'auni. Shi ya sa Amos, a ƙarni na 8 kafin haihuwar Almasihu, ya kama 'yan kasuwa da cuta iri biyu a ciniki ɗaya: suna rage girman efa, suna ƙara nauyin shekel (Amos 8:5). Talaka ya tafi da hatsi kaɗan, ya bar azurfa da yawa.

Akwai kuma awon tsawo, a nan ne tarihin ya fi jan hankalinmu. Mutumin da Ezekiyel ya gani yana auna Haikali, kara ne a hannunsa, mai kamu shida (Ezekiyel 40:5). Sunan karan a Ibrananci "ƙane". Helenawa suna da 'yar'uwar kalmar, "kanon", wato miƙaƙƙiyar sandar da kafinta ko magini ke gwada aikinsa da ita. Bulus ya yi amfani da ita a 2 Korintiyawa 10:13-16 don iyakar aikin da Allah ya yanka masa, kamar yadda ake yanka wa manomi gona. A Galatiyawa 6:16 kuma ta zama ƙa'idar da mai bi ke tafiya a kanta.

Wajen shekara ta 180, Ireniyus na Liyon ya kira taƙaitacciyar koyarwar manzanni kanon na gaskiya, abin da ake gwada kowane sabon malami da shi. Dokoki 20 na Majalisar Nikiya ta 325 ma an kira su da wannan suna. Sai a 367, cikin wasiƙarsa ta Ista ta 39, Atanasiyus bishof na Iskandariya ya jera littattafai 27 na Sabon Alkawari, ya ce su ne aka sa cikin kanon.

Mu lura da juyin da ya faru. Da farko kanon sanda ce da ke auna wani abu. Yanzu ta zama jerin abubuwan da aka auna. Ɗalibanmu sukan riƙe ma'ana ta biyu kaɗai, su ɗauka bishof-bishof ne suka zauna suka ba littattafai iko. A ganinmu wannan karatu ya gaza, domin ikkilisiyoyi sun daɗe suna karanta Linjila huɗu da wasiƙun Bulus a sujada, suna gwada koyarwa da su, kafin wani ya rubuta jeri. Amma kada mu ce babu gardama ko kaɗan. Atanasiyus ɗin nan ya ware wasu littattafai da ya ce a karanta wa sababbin tuba ba tare da an sa su cikin kanon ba. A cikinsu akwai Makiyayi na Hermas, da Tobit, har da Esta.