Tarihin Baka Mai Faifai

Tun zamanin dā ƙarfin damtse kaɗai ke tanƙwara baka, kuma muddin maharbi yana auna nama, nauyin tsirkiya duka yana hannunsa. Haka aka zauna shekaru dubbai, har wani maharbi, Holless Wilbur Allen, mutumin jihar Misuri ta Amurka, ya datse kawunan bakansa biyu, ya ɗaura wa kowanne ɗan faifai mai juyawa, ya zarga tsirkiya a kansu. A 1966 ya nemi takardar mallakar wannan dabara wurin hukuma, aka ba shi a 1969. Sa'an nan Tom Jennings na Kalifoniya ya shiga ƙera irinsa, ya bazu cikin ƙasar.

Amfanin faifan kuwa, idan aka ja tsirkiya har ƙarshe sai nauyin ya ragu, maharbi ya auna barewa a natse. Bakunan farko kaɗan suke ragewa. Na baya suna sauke wajen kashi 80 cikin 100, kibiyarsu kuma tana wuce ƙafa 300 cikin sakan ɗaya.

To, wannan ci gaba ya sa mai tsohon baka yakan rasa abin yi, ko ya riƙe shi, ko ya sayi sabo. Idan tsirkiya ce ta tsufa, sauya ta ya wadatar. Idan kuwa jikin bakan ya tsage, kayan gyaransa kuma an daina yi, wajibi ne a rabu da shi, gama yana iya ɓallewa a fuskar mai shi. Amma baka lafiyayye wanda hannu ya saba da shi, zubar da shi ɓarnar dukiya ce.