Idan Jami'an Duba Makarantu Za Su Zo: Gudummawar Da Iyaye Za Su Bayar

Mahaifina fataucin shanu yake yi tsakanin kasuwannin Arewa da Oko-Oba a Agege, kullum yana hanya, shi ya sa ni nake zuwa taron iyaye a madadinsa saboda ƙannena uku. A bara hedimastan makarantarsu, wadda ta haɗa boko da Islamiyya, ya nemi mutum biyar su taimaka ranar da jami'an gwamnati za su zo dubawa. Ina cikinsu. Ga abin da na koya, ko zai amfani wani.

Su waye ke zuwa?

A Legas, ofishin tabbatar da ingancin ilimi da ake kira OEQA ne ke duba makarantu, na gwamnati da na kuɗi. Sauran jihohi ma kowacce da nata sashen a ma'aikatar ilimi. Maganar ba ta wasa ba ce, domin makarantar da ba ta cika sharaɗi ba ana iya hana ta takardar amincewa, ko ma a garƙame ta. In haka ta faru, yaranmu ne za su koma yawo a kara da bakin kasuwa.

Me suke dubawa?

Na farko takardu: shaidar rajistar makaranta, rajistar ɗaukar ɗalibai, ta kiran suna, da tsarin darasin kowane malami. Suna tambayar takardun malamai, domin NCE ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya, kuma ana son malami ya yi rajista da hukumar TRCN. Sannan muhalli: yawan yara a aji, iska da haske, ruwan sha, banɗakin maza daban na mata daban, tukunyar kashe gobara da akwatin magani. Suna shiga aji su zauna su saurari darasi, su buɗe littattafan yara. A Legas kuma a tuna, tun 2018 doka ta wajabta koyar da Yarbanci a makarantu, har da namu.

Aikin mai taimako

Kafin ranar, mun bi gida-gida muna karɓo takardun haihuwa na hukumar ƙidaya, domin fayil ɗin yara da yawa babu su. Mun yashe kwata, mun gyara ƙofar banɗaki, mun roƙi iyaye kada a tura yaro talla ran nan.

Ranar kuwa, aikinka shi ne ka tare su a ƙofa, ka nuna hanya, ka hana masu babur da 'yan kallo cika harabar. Babban aikina ni tafinta ne. Sun so jin ta bakin iyaye, iyayenmu mata kuma da yawa ba sa jin Turanci ko Yarbanci sosai. In kai ne tafinta, faɗi abin da aka faɗa kawai, kada ka ƙara gishiri, kada ka rage.

Sun tambayi dalilin da rajista ta nuna yara da yawa sun yi makonni ba su zo ba. Malami ba zai iya amsa wannan kamar mu ba. Na yi bayanin yadda ake tafiya gida da yara lokacin Babbar Sallah, a daɗe ba a dawo ba. Sun saurara, amma sun tunatar da mu cewa dokar UBE ta 2004 ta ɗora wa uba alhakin ɗansa ya yi karatun shekara 9 na farko. Gaskiya suka faɗa.

Kuskuren da muka yi

Mun ari bencina daga maƙwabta muka cika aji ɗaya da su. Wata jami'a ta tambayi wani yaro inda yake zama kullum, sai ya nuna tabarmar da muka naɗe a bayan ƙofa. Wallahi kamar ƙasa ta tsage in shige. Don haka kada a yi aron kaya, kada a ɓoye yara don aji ya yi kamar ba cunkoso, kada a koya wa yaro ƙarya, kada kuma a miƙa ambulan da sunan goro. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Bayan sun tafi

A nemi hedimasta ya karanta wa iyaye abin da aka ce a gyara da wa'adin da aka bayar. Mu dai 'yan kara suka yi karo-karo, kafinta ya yi mana bencina ashirin kafin jami'an su dawo. Yanzu ƙanena a kan benci yake rubutu.

In aka nemi masu taimako a makarantar yaranku, kada a ce sai wanda ya yi jami'a. Ni sakandare kawai na gama. Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, amin.