3.4 Ganuwar Kano da Zaizayar Ruwan Sama

Kamar yadda aka bayyana a baya, Sarki Gijimasu (1095-1134) ne ya fara gina ganuwar Kano, sannan Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya faɗaɗa ta. Abin da ba a cika kula da shi ba shi ne, babban abokin gabar wannan ganuwa a tsawon tarihinta ruwan sama ne, domin mayaƙa sukan zo su koma, amma damina kowace shekara sai ta dawo.

Magina sun daɗe da sanin cewa ruwa ya fi cin katanga ta gindi. Saboda haka suke kauraro gindin gini, suke yaɓe da makuba, suke kuma tsawaita indararo domin ya jefa ruwa nesa da bango. Ramukan da aka haƙi ƙasar gini kuwa, su ne suka zama kududdufai, waɗanda ke tare ruwan unguwanni kafin ya gangara Jakara.

Bayanin kimiyya game da wannan al'amari ya zo ne daga baya. A shekarar 1883, Osborne Reynolds ya zuba rini a cikin ruwa mai bin bututun gilashi a Mancesta ta Ingila, ya ga cewa idan gudun ya tsananta, sai rinin ya watse, ruwan ya rikiɗe yana ƙundumbala. A 1904 kuma, Ludwig Prandtl na Jamus ya nuna cewa ruwan da ke manne da bango kusan tsaye yake, na kusa da shi yana gudu, don haka a wannan ɗan siririn wuri ne gogayya ta fi ƙarfi. Gwajin Nikuradse na 1933, inda ya liƙa yashi a cikin bututu, ya tabbatar da cewa bango mai kaushi yana ƙara wannan gogayya. Ke nan katangar da yaɓenta ya zube ta fi saurin cinyewa, abin da kowane magini a Kano zai iya faɗa ba tare da bututu ba.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, ganuwa ta rasa amfaninta na tsaro, gyaran da akan tara jama'a a yi mata ya ja baya. Daga bisani aka riƙa cike kududdufai ana gini a kai, aka kuma riƙa ɗibar ƙasar badala. Ruwan da ya rasa masauki sai ya bi lunguna da gindin abin da ya rage na ganuwar, yana rarake shi har sama ya rufto.