Nnedi Okorafor: Marubuciyar Littattafan Matasa Da Ta Kai Labaran Najeriya Dandalin Duniya

Nnedi Okorafor marubuciya ce 'yar asalin Najeriya, haifaffiyar Amurka, wadda ta yi fice wajen rubuta ƙagaggun labaran kimiyya da na al'ajabi domin matasa da manya. Galibin labaranta a Afirka suke gudana, kuma jarumansu 'yan mata ne masu fama da tsangwama saboda kamanninsu ko asalinsu. Ta samu lambobin yabo mafiya daraja a wannan fanni, ciki har da Hugo da Nebula da World Fantasy, da kuma lambar Wole Soyinka ta adabin Afirka.

Tasowarta da karatunta

An haifi Nnedimma Nkemdili Okorafor ranar 8 ga Afrilu, 1974, a birnin Cincinnati na jihar Ohio. Iyayenta 'yan ƙabilar Ibo ne da suka je Amurka karatu a 1969, lokacin da ake tsaka da yaƙin basasa a gida, daga bisani suka zauna a can. Ta taso a unguwannin bayan garin Chicago, amma tun tana ƙarama iyayenta kan kai ta Najeriya ziyarar dangi. Waɗannan tafiye-tafiye su ne rumbun da ta riƙa ɗibar labarai daga cikinsa bayan ta girma.

A makarantar sakandare an san ta da wasan tanis da tsere, kuma burinta shi ne ta yi nazarin ƙwari. Tana da shekara 13 likitoci suka gano ƙashin bayanta yana karkacewa. Da ta kai shekara 19 aka yi mata tiyata domin miƙar da shi, sai aikin ya zo da matsala, ƙafafunta suka shanye. A gadon asibiti ta soma rubuta 'yan gajerun labarai a gefen shafukan littafin I, Robot na Isaac Asimov. Sannu a hankali ta sake koyon tafiya, amma wasa ya ƙare mata, sai alƙalami ya maye gurbinsa. Ta ba da wannan labari dalla-dalla a littafinta Broken Places & Outer Spaces na 2019.

Ta yi digirin farko a Jami'ar Illinois da ke Urbana-Champaign, ta yi digiri na biyu a aikin jarida a Jami'ar Jihar Michigan, sannan ta kammala digirin digirgir a fannin Ingilishi a Jami'ar Illinois ta Chicago a 2007. Ta koyar a Jami'ar Jihar Chicago da Jami'ar Buffalo, kafin ta koma Jami'ar Jihar Arizona a 2021.

Littattafan farko

Littafinta na farko, Zahrah the Windseeker, ya fito a 2005. Labarin wata yarinya ce, Zahrah, wadda aka haifa da curarren gashi mai tsiro a cikinsa, abin da ya sa mutanen masarautarsu ke ɗari-ɗari da ita. Da wani maciji ya sari abokinta Dari, sai ta kutsa wani ƙungurmin daji da aka haramta shiga domin nemo masa magani, a can ne kuma ta ƙware a baiwarta ta tashi sama. Littafin ya ci lambar Wole Soyinka ta 2008, wadda ke tafe da kyautar dala 20,000.

Na biyu, The Shadow Speaker na 2007, ya fi kusa da masu karatun Hausa, domin a Jamhuriyar Nijar yake gudana, a shekarar 2070, bayan wani gagarumin sauyi da ya cakuɗa duniyar kimiyya da ta sihiri. Jarumarsa Ejii tana jin maganar inuwoyi, kuma tun tana ƙarama ta ga an fille kan mahaifinta, wanda ya mulki garinsu da zalunci. Wadda ta kashe shi mayaƙiya ce mai suna da Hausa, Sarauniya Jaa, kuma ita ce Ejii ta bi cikin hamada domin hana ɓarkewar yaƙi. Littafin ya samu lambar Carl Brandon Parallax. A 2023 an sake buga shi da gyare-gyare, tare da ci gabansa mai suna Like Thunder.

Jerin littattafan Akata

Aikin da ya fi ɗaukaka sunanta a tsakanin matasa shi ne Akata Witch na 2011. Jarumarsa Sunny Nwazue zabiya ce 'yar shekara 12, wadda aka haifa a New York, iyayenta suka dawo da ita Aba. 'Yan makaranta na yi mata ba'a saboda launin fatarta da kuma harshenta na Amurkawa, rana kuma na hana ta buga ƙwallon da take ƙauna. Daga baya ta gano cewa tana cikin wata ɓoyayyiyar al'umma ta masu sihiri da ake kira Mutanen Damisa, inda abin da jama'a ke gani naƙasa ne yake zama tushen baiwar mutum. A wannan al'umma kuɗi kan faɗo daga sama ne idan mutum ya koyi wani sabon abu, wato ilimi shi ne arziki. Sunny da abokanta uku, Orlu da Chichi da Sasha, su aka ɗora wa nauyin tunkarar wani matsafi mai kashe yara. Marubuciyar ta kuma saka tsohon rubutun nsibidi na kudu maso gabashin Najeriya a tsakiyar labarin.

Sunan littafin ya ja hankali. Kalmar akata, a bakin wasu 'yan Najeriya, kalmar raini ce da ake jifan baƙaƙen fatar Amurka da ita, kuma ita kanta marubuciyar an sha kiran ta da sunan. Da gangan ta ɗora kalmar a bangon littafi domin ta karɓe ta daga hannun masu zagi. Amma da kamfanin Cassava Republic na Abuja ya buga littafin, sai aka sauya masa suna zuwa What Sunny Saw in the Flames.

Littafi na biyu, Akata Warrior na 2017, ya ci lambar Locus ta 2018. Shi ne kuma ya fara lashe sabuwar lambar littafin matasa da Ƙungiyar Ƙagaggun Labaran Kimiyya ta Duniya ta ƙirƙiro, wadda daga baya aka raɗa wa suna Lodestar. Na uku, Akata Woman na 2022, shi ma ya ci Lodestar a 2023, a taron da aka yi a birnin Chengdu na ƙasar Sin.

Littattafan manya da na zane

Who Fears Death na 2010 yana gudana ne a Sudan ta wani zamani mai zuwa, kuma rahotannin fyaɗe a yaƙin Darfur na cikin abubuwan da suka zaburar da ita ta rubuta shi. Ya ci lambar World Fantasy a 2011. Kofin wannan lamba a lokacin mutum-mutumin marubuci H. P. Lovecraft ne, wanda ya shahara da ƙyamar baƙar fata. Okorafor ta fito fili ta bayyana rashin jin daɗinta, muhawara ta biyo baya, a 2015 masu shirya gasar suka sanar da daina amfani da hoton.

Binti na 2015 labarin wata budurwa ce daga ƙabilar Himba ta Namibiya, wadda ta bar gida a asirce domin karatu a wata jami'a da ke sararin samaniya. Ya lashe Nebula da Hugo a rukunin matsakaitan labarai. Lagoon na 2014 ya sauke baƙin halittu daga sama a Legas, shi kuwa Noor na 2021 ya kai mai karatu arewacin Najeriya, inda ɗaya daga cikin jarumansa makiyayi ne Bafulatani da ake farauta bisa zargin ta'addanci.

Ta kuma rubuta wa kamfanin Marvel labaran zane na Black Panther da Shuri. Nata na kanta, LaGuardia, wanda ya taɓo batun ƙaura da wariyar baƙi, ya samu lambobin Hugo da Eisner a 2020.

Matsayinta a adabi

A wata maƙala da ta fitar a 2019, Okorafor ta bayyana sunaye biyu da ta zaɓa wa ayyukanta. Africanfuturism shi ne labarin kimiyya da ya kafu a kan tarihi da al'adu da mahangar Afirka, ba tare da mayar da ƙasashen Yamma cibiya ba. Africanjujuism kuwa shi ne labarin al'ajabi da ke ɗaukar imanin gargajiya na Afirka da mutunci, ya gauraya shi da ƙirƙira. Ta nace a bambanta aikinta da Afrofuturism, wanda a ganinta ya fi karkata ga rayuwar baƙaƙen fata a Amurka.

Wannan bambanci yana da nasaba da yadda aka daɗe ana kallon fannin. Shekaru da dama manyan lambobinsa sun fi zuwa ga labaran da jarumansu Turawa ne, masu gudana a Turai ko Amurka. Nasarar littattafan Okorafor ta nuna wa kamfanonin ɗab'i cewa labarin da aka kafa a Aba ko a hamadar Nijar zai iya samun kasuwa a duniya. A 2024 an shigar da sunanta cikin jerin gwarzayen fannin a gidan adana kayan tarihin al'adun zamani da ke Seattle, a farkon 2025 kuma ta fitar da littafin manya mai suna Death of the Author.