Yadda Na Ƙarshe Ya Zama Mai Fara Zaɓe: Tarihin Daraf a Ƙwallon Amurka

A ƙwallon ƙafa na Turai, ƙungiyar da ta fi kuɗi ita ke ɗauke ɗan wasan da ranta ke so. A gasar NFL ta Amurka, ƙwallon nan mai kama da zari-ruga da ake sa hular kwano, ba haka abin yake ba. Duk ƙarshen Afrilu ƙungiyoyi 32 kan raba matasan da suka fito daga jami'o'i, bi da bi har zagaye bakwai, kuma wadda ta zo ta ƙarshe a kakar da ta wuce ita ke fara zaɓe. Wannan shi ake kira daraf.

Takaici ne ya haife shi. A 1935 Bert Bell, mai ƙungiyar Philadelphia Eagles, ya yi ta zawarcin Stan Kostka na Jami'ar Minnesota, amma Brooklyn Dodgers ce ta tafi da shi. A shekarar Bell ya shawo kan sauran masu ƙungiyoyi cewa muddin manya irin su Chicago Bears da New York Giants za su ci gaba da kwashe gwanaye, 'yan kallo za su gaji, kowa ya yi asara. Aka yi zaman farko ranar 8 ga Fabrairu, 1936, a otal ɗin Ritz-Carlton na Filadelfiya: ƙungiyoyi tara, 'yan wasa 81. Tsarin ya kare ƙananan ƙungiyoyi, amma a kan matashin nauyin ya faɗa, domin an raba shi da 'yancin zaɓar inda zai yi aiki da damar yin ciniki. Jay Berwanger, wanda aka fara zaɓa, bai daidaita da kowa kan albashi ba, bai kuma taɓa buga wasa ko ɗaya a gasar ba.

Samun layin farko daban, sanin wanda za a ɗauka daban. A shekarun farko da jaridu da jita-jita ake zaɓe. Ƙungiyar Washington ta ɗauki Cal Rossi a zagayen farko na 1946 alhali bai kammala jami'a ba, ta sake ɗaukarsa a 1947, sai ta tarar ba ya ma sha'awar wasan. Los Angeles Rams ce ta fara sauya salo, da ta ɗauki Eddie Kotal aikin zaga jami'o'i yana kallon yara da idonsa. A farkon shekarun 1960 Dallas Cowboys ta kawo A. Salam Qureishi, masanin ƙididdiga haifaffen Indiya, ya mayar da rahotannin masu farautar 'yan wasa lambobin da kwamfuta za ta iya jerawa.

Amma zaɓen da har yau ake auna sauran da shi, ƙafa da ido ne suka yi shi. Bill Nunn ɗan jarida ne a Pittsburgh Courier, jaridar baƙaƙen fata, kuma ya shafe shekaru yana bin wasannin jami'o'in baƙaƙe da manyan ƙungiyoyi ba sa ko leƙawa. Pittsburgh Steelers ta jawo shi a ƙarshen shekarun 1960. A 1974 ta zaɓi Lynn Swann, Jack Lambert, John Stallworth da Mike Webster, kuma dukansu huɗun sun shiga zauren gwarzayen wasan. Stallworth daga Alabama A&M ya fito, a zagaye na huɗu, ta hanyar Nunn. Ƙungiyar ta ci babban kofin gasar, wato Super Bowl, sau huɗu cikin shekara shida. A ganina sirrin bai wuce wannan ba: sun duba inda wariyar launin fata ta hana wasu dubawa.

Daga nan harkar ta zama sana'a. ESPN ta fara nuna daraf a talabijin a 1980, an fara tara matasa wuri guda ana gwada gudunsu da lafiyarsu a 1982, aka kuma mayar da gwajin Indianapolis a 1987. Cowboys ta sake buɗe sabon babi a 1989, da ta sallama wa Minnesota Vikings tauraronta Herschel Walker ta karɓi tarin gurabun zaɓe. A zamanin kocinta Jimmy Johnson ne aka tsara jadawalin da ya yi wa kowane gurbi farashi, na farko maki 3,000, don a san abin da ake musaya. Kofi uku suka biyo baya a shekarun 1990, sauran ƙungiyoyi suka kwafi jadawalin.

Duk da haka, zaɓen na nan kamar sayen iri: sai damina ta yi nisa ake sanin abin da aka shuka. San Diego Chargers ta ɗauki Ryan Leaf na biyu a 1998, ya watse cikin 'yan shekaru. Tom Brady kuwa sai a gurbi na 199 New England Patriots ta ɗauke shi a 2000, ya kuma yi ritaya da kofi bakwai. Masana biyu, Cade Massey da Richard Thaler, sun bi zaɓen shekaru masu yawa, suka gano cewa ƙungiyoyi na biyan fiye da kima don hawa saman layi, saboda sun yarda da idonsu fiye da yadda ya kamata. Wanda ya sauka ƙasa ya tara gurabu da yawa ya fi samun riba.

Shi ya sa makin da masu sharhi ke rabawa washegarin daraf ba ya gamsar da ni, domin suna auna zaɓen ne da hasashensu, ba da wasan da yaran za su buga ba. A 2012 da yawansu sun kushe Seattle Seahawks, musamman kan ɗaukar Russell Wilson a zagaye na uku, wai ya yi gajarta. Wilson da Bobby Wagner, wanda aka zaɓa tare da shi a shekarar, suna cikin waɗanda suka ciyo wa ƙungiyar kofinta na farko a Fabrairun 2014.