Shari'ar Shugabannin Oath Keepers

Shari'ar shugabannin Oath Keepers shari'a ce da aka yi a kotun tarayya ta birnin Washington a 2022, kan harin da aka kai majalisar dokokin Amurka ranar 6 ga Janairu, 2021. Stewart Rhodes, tsohon soja wanda ya karanta shari'a a Jami'ar Yale, shi ya kafa wannan ƙungiya ta masu ɗauke da makamai a 2009.

An kama Rhodes a jihar Texas a Janairun 2022. Babbar tuhumar ita ce haɗa baki don yi wa gwamnati tawaye da ƙarfin tsiya, a ƙarƙashin wata doka da ta samo asali tun yaƙin basasar Amurka, kuma da wuya ake amfani da ita. Rhodes bai shiga ginin majalisar ba, amma masu gabatar da ƙara sun kawo saƙonninsa, da shaidar bindigogin da mutanensa suka tara a wani otal a Virginia suna jiran umarni. Ranar 29 ga Nuwamba aka same shi da laifi tare da Kelly Meggs, jagoran reshen Florida. Sauran mutum uku da aka gurfanar tare da su an wanke su daga wannan tuhuma, aka kama su da wasu laifuka.

A Mayun 2023 Alƙali Amit Mehta ya ɗaure Rhodes shekara 18, Meggs kuma 12. Hukuncin ya yi daidai da girman laifin, sai dai bai daɗe ba: ranar 20 ga Janairu, 2025 Shugaba Donald Trump ya sassauta shi, aka sake su.